Yaya Jibo Ya Zo Neman Shawara

Tahira tana shagonta, tana cikin kwance bayan wata portabul, wato wayar hannu, sai kuran, wutar lantarki, ya sake ɗaukewa. Ba ta ko ɗaga kai ba, ta mayar da fitilarta kan batirin rana ta ci gaba. Tun da aka yi juyin mulki aka rufe iyaka, haka Maraɗi take.

Kabu-kabu ya tsaya a ƙofar shagon, yayanta Jibo ya sauka. Da, shi ke shigo da atamfa daga Katsina, kuma shi ne ya fi kowa yi mata dariya lokacin da ta bar makarantar lise ta kama koyon rubuta manhaja ita kaɗai. Yanzu rumfarsa a rufe take.

Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Abokansa za su kama hanyar Agadas neman kuɗi ranar Juma'a, sun ce ya biyo su. Matarsa Maijidda kuwa cikinta ya tsufa.

"Tahira, mutum kamata zai iya koyon wannan abin naki?"

"Zai iya, Yaya."

Ya ce ya ga wani fim, inda wani ya zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, ya yi kutse cikin banki cikin minti kaɗan. Ta ce ya manta da wannan, ƙarya ce. Fim ɗaya za ta ba shi, na wasu mutane da suka yi shekaru suna lalata inji kafin ya yi aiki. Littafi ma ɗaya, na Faransanci mai sauƙi. Yaren manhaja kuwa Python, kada ya kula wani sai ya iya shi. Manoman Jiratawa sun daɗe suna roƙonta ta yi musu abin da zai tsara rabon ruwa, ita kuma hannunta a cike yake; in ya koya, aikin nasa ne.

"Ban ce za ka ci abinci da shi bana ba," in ji ta. "Amma za ka iya."

Ta jawo tsohuwar ordinatarta, ta nuna masa layin farko. Ya rubuta da yatsa ɗaya, ya danna. Jan rubutu ya cika allon.

"Me na ɓata?"

"Karanta. Ya gaya maka."

Ya dube ta, ya ga ba wasa take ba. Sai ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, ya jawo kujera kusa.