Rigar Man-sok

"Ɗaga ta sama, Bok-rye. Ba shanya na ce ki yi ba."

Da ƙyar maganar ta fito, don ciwon maƙogwaro ya cinye muryar Maman Yong-te. Bok-rye ta ɗaga tsohuwar rigar aikin, kunya kamar ta nutse. Suna tsaye gaban dutsen tunawa da mamata a wani lambu na birnin Seoul, masu wucewa sai kallonsu suke.

Sunan mijin Maman Yong-te, maƙwabciyar tata, na jikin dutsen. Birkila ne, yana dawowa daga aikin gini a ƙasar Larabawa aka dasa bam a jirginsu, ya tarwatse a kan teku. Ko farcensa ba a kawo mata ba. Shekara da shekaru ta ƙi yarda ya mutu, taurin kai kam ba a magana. Ba ta sauko ba sai da likita ya ce ba za ta ga bazara ba. Tsoronta ɗaya, ta tafi ita kaɗai. Shi ya sa take so a kira kurwarsa ta shiga rigar aikinsa, a haɗa su akwatin gawa ɗaya.

"Yaya, ki kira shi da kanki mana," in ji Bok-rye.

"Da wace muryar? Ni da ban taɓa kama sunansa ba."

Bok-rye ta kaɗa rigar sau uku tana kira. "Pyo Man-sok, dawo gida!" A na ukun kuka ya ƙwace mata. Tsohuwar ta karɓi rigar ta rungume, ta ce ta ji ta ƙara nauyi.

Ba ta daɗe ba ta cika.

Ranar da za a sa ta a akwati, ma'aikacin gidan jana'iza ya ture rigar gefe. Ya ce gawar da za a ƙona ba a haɗa ta da ƙarfe, ga rigar duk maɓallan ƙarfe. Yong-te, da kwana biyu bai runtsa ba, ya ce, "Gwaggo, bari kawai. Riga ce fa."

"Ubanka ne," in ji Bok-rye.

Ta nemi almakashi, babu. Sai ta zauna a ƙasa ta sa haƙori, tana tsinke zaren maɓallan ɗaya bayan ɗaya, har dasashinta ya yi jini. Ba wanda ya iya ce mata ta yi sauri. Da ta gama ta shimfiɗa rigar a ƙirjin ƙawarta, ta zagaya mata hannuwan rigar a kafaɗa.

Aka rufe akwati aka fita da shi. Bok-rye na nan zaune a ƙasa, maɓallan a tafin hannunta, ta rasa wanda za ta ba.