Kuɗin Kujerar Gaba

Tun ranar da Abdulmajeed ya sayo motar nan na raina masa wayo, kuma har yau bai ba ni dalilin canza ra'ayi ba. Mijin ƙanwata Murja ne, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, mataki na takwas. Albashinsa in ya ga sha biyar ga wata to an yi sa'a. A Nyanya suke zaune, a gefen birnin tarayya, ciki da falo, a gidan haya mai ɗakuna tara da banɗaki biyu. Mutumin da ke bin layin wanka da bokiti kowace safiya, shi ne ya ga babu abin da ya rage masa a duniya sai mota.

A shekarar an yi ta sayen motoci a ofishinsu. Kullum rediyo na cewa arzikin ƙasa na bunƙasa, shi kuma ya ɗauka da shi ake. Abin da ya fi ci masa rai, wai wani da suka kama aiki rana ɗaya yana wuce shi a tashar bas yana danna masa hon.

Murja na da firiza babba da ta saya da gadonta na mahaifinmu. Tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, kuma da wannan ake cefane idan wata ya yi nisa. Cikinta na fari na wata uku ya zaunar da ita ya tsara ta. Ya ce haihuwa ba ta sallama, ya ce ranar naƙuda wa zai tsaya neman tasi a Nyanya, ya ce ba don kansa yake so ba, don ita ne da abin da ke cikinta. Murja yarinya ce mai sanyin hali, ta yarda. Aka fita da firiza, ya haɗa da adashen ofis, aka shigo da wata 'yar Kwatano ruwan toka wadda ta girmi aurensu da shekara goma sha biyar. Da ta kira ni a waya tana murna, ban ce mata komai ba sai Allah ya sanya alheri. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Sati na farko lagireto ya fashe. Ana gyara shi giya ta fara kuka, sannan tayoyin gaba, sannan aka ce takardu sun ƙare. Maliki bakanike ya fi Murja ganin mijinta ranar Asabar. Ana cikin haka watan Janairu ya zo, aka ƙara kuɗin mai, aka yi zanga-zanga, aka rage kaɗan aka bar mutane da sauran.

Sai ya fara kabu-kabu. Ni ban raina wannan ba, sana'a ce, kuma ma'aikata da yawa masu shiga gari daga Nyanya haka suke yi. Da safe a tsaya a gindin gada a ɗebi fasinja, huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, kowa naira ɗari. Wanda ba ya son a matse shi a gaba sai ya biya kuɗin mutum biyu. Abin da na raina shi ne ƙaryar. Kafin ya isa gada sai ya cire hula da katin ofis ya tura ƙarƙashin kujera, ya ƙwama baƙin tabarau. Idan ya sauke na ƙarshe a Sakatariya ya mayar da hularsa, ya shiga ofis yana kaɗa makulli a ɗan yatsa. A gida kuwa cewa yake yi rage wa bayin Allah hanya yake yi. Alhali tankin motar bai taɓa kwana da mai ba. Ɗan abin da zai kai shi gada yake bari, kuɗin fasinja ne ke sayen wanda zai hau tudun Kugbo da shi.

Akwai asibiti a Nyanya, da ƙafa ma ana zuwa. Abdulmajeed ya ce matar mai mota ba ta awo a nan, ya yanka mata kati a wani asibiti cikin gari. Ranar awo kuma bas take hawa, don shi tun shida ya fita.

Da cikin ya shiga wata tara na zo daga Zariya na zauna da ita. Yana kirana Yaya Rukayyat da ladabi, ni kuma ina amsawa, don ba faɗa ya kawo ni ba. Ina kallonsa kowace asuba yana wanke motar da ruwan da Murja ta saya a wajen mai turo kurar ruwa, har da goge tayoyi da tsohon buroshi.

Naƙuda ta tashi wata Talata bayan sallar asuba, ashirin da huɗu ga wata. Kafin shida da rabi Murja ta kasa tsayuwa. Maƙwabcinsu Kure, wani mutumin kirki da ke tuƙa motar raba burodi, ya ji motsi ya fito ya ce a kawo ta ya kai ta asibitin Nyanya, minti biyar ne. Abdulmajeed ya haɗe rai kamar an zage shi. Ya ce yana da mota, kuma don wannan ranar ya saye ta. Aka murɗa makulli, batir ya ce bai san zance ba. Kuren dai da aka ƙi taimakonsa shi ya tura mu har bakin titi.

Na kwantar wa Murja kujerar gaba, na zauna a bayanta ina riƙe da kafaɗarta. Na leƙa na ga allurar mai kwance, na tambaye shi, ya ce akwai. Muna isa gindin gada na ji ya rage gudu. Na zaci cunkoso ne, sai na ga ya sauke gilashi ya fitar da hannu yana kiran Sakatariya.

Na ce, "Abdulmajeed, me kake yi haka?"

Ya ce a hankali, "Yaya, man ba zai kai Kugbo ba. Mutum uku kawai zan ɗauka."

Akwai kuɗi a jakata. Na zaro na miƙa masa ta saman kujera, na ce ya shiga gidan mai mu wuce. Ya ture hannuna, ya ce haba Yaya, ai ba a yi haka ba, yana raye yayar matarsa ta saya masa mai? Ashe karɓar kuɗina ne abin kunya. Tsayawa kiran fasinja da mace mai naƙuda a gefe, wannan shi ne mutunci. Girman kai rawanin tsiya, a kansa na ga an naɗa shi.

Kafin in sake magana an buɗe ƙofa. Maza biyu suka shigo suka matse ni a jikin ƙofa, sannan wata mata mai jiki riƙe da jakar leda, daga baya na ji sunanta Christina, shara take yi a wani ofis. Ita ta fara lura da nishin Murja. Ta leƙa gaba, ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "Oga, wannan mata yana leba fa. Ka tafi mana."

Ya ce yanzu za a tafi. Ya miƙo hannu baya ya karɓi kuɗinsu, ya ninke takardun a tsaye ya saƙala tsakanin 'yan yatsu, yadda 'yan tasha ke yi. Ya sa giya ke nan wani saurayi da fayil a hammata ya rugo ya kama ƙofar gaba ya buɗe. Da ya ga halin da Murja ke ciki ya ja da baya yana ba da haƙuri. Da an bar shi da ya tafi abinsa. Amma Abdulmajeed ya ga naira ɗari za ta wuce shi.

Ya ce, "Murja, ɗan gyara masa. A hanya zai sauka, minti goma ne."

Ɗaya daga cikin mazan ya yi salati ƙasa-ƙasa.  Murja ta jira ciwon da ya taso mata ya lafa. Ta kwance bakin zaninta, ta zaro ɗari biyar ɗin da na ba ta jiya don sayen audugar jego, ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

Ta ce, "Direba, cire na mutum biyu. Mu tafi."

Na jira in ga ya jefar da kuɗin, ko ya sunkuyar da kai, ko ya ce ta yafe masa. Hannunsa ya riga kansa. Ya karɓa, ya saƙala, ya zaro 'yan ɗari-ɗari guda uku daga na fasinja ya ajiye mata a cinya. Sai da ya ja ƙofa ya hau titi sannan na ga ƙeyarsa ta jiƙe da gumi, alamar ya gane abin da ya yi. Daga nan ya shiga gidan mai, muka hau tudun Kugbo, sai asibiti. Christina ta wuce wurin saukarta, ita ta kama mini Murja muka shiga ɗakin haihuwa.

Wajen ƙarfe goma Murja ta sauka lafiya, mace. Ya yi ta zarya a baranda yana buga waya, ina jinsa yana gaya wa mutanen ofis cewa Allah ya taimaka akwai mota a gida.

Washegari da hantsi aka sallame mu. Muka fito muka same shi ya kawo motar daidai bakin ƙofa, an wanke ta tana sheƙi, ya shimfiɗa sabon tawul a kujerar gaba, ya buɗe ƙofa ya riƙe yana murmushi. Murja ta rungume 'yarta ta bi ta gefensa a hankali, tana takawa da ƙyar, har ta kai bakin titi. Ya biyo ta yana kiran sunanta, yana tambayar ina za ta.

Ba ta juya ba. Ta ce da ni, "Yaya, tsayar mana da tasi. Tunda dai biya zan yi, ni zan zaɓi direba."