Fuskar Baba a Shafin Ƙarshe

Shafi ɗaya ya rage wa Auta ta gama littafinta na digiri na biyu, kuma shafin nan ya ƙi zanuwa. Littafin yara ne mai hotuna, a kan wani tsoho mai gyaran agogo. Tsohon kuwa mahaifinta ne, wanda ya rasu ana dab da duba aikin ɗalibai. A shafin ƙarshe so take ta zana shi yadda yake da gaske, fuskarsa ta cika takardar. Sai ta rufe ido don ta gan shi, ta nemi fuskar sama da ƙasa ta rasa.

Karatun nasu ba irin na shiga aji a zauna ba ne. A ba ka tebur a gefen taga, a miƙa maka mabuɗin ɗakin zane, sauran kuma ruwanka. Kai za ka zaɓi labari, kai za ka tsara lokacinka, in ka yi lalaci kai za ka yi wa kanka faɗa. Malami sai jifa-jifa yake leƙowa. Nasu malamin, a bayan idonsa Malam Rage ake ce masa, domin ko ƙwai ka zana masa sai ya ce layukan sun yi yawa.

Da farko Baba da kansa yake zama tana zana shi. In ya rufe shago da yamma sai ya wanke baƙin mai daga yatsunsa, ya taje gemu, ya hau kujerar falo ya ƙame kamar mai jiran alƙali.

"Baba, saki jikinka mana. Ba hoton fasfo ba ne."

"To ki rage mini hancin nan," in ji shi. "Ƴata ce mai fensirin, ba zan shiga littafi da shi haka ba."

Daga nan sai hira ta ɓarke. Ya ba ta labarin mutumin da ya kawo agogo wai ya mutu, alhali murɗa shi ne kawai bai yi ba, ya yi ta dariya har gilashinsa ya zamo. Tun rasuwar mahaifiyarsu ba a ƙara jin irin wannan dariyar a gidan ba. Auta ta cika takardu da shi: tamojin goshinsa, idon hagu da ya ɗan ƙanƙance saboda shekarun leƙa cikin agogo, har da tabon da ke ƙasan leɓensa.

Malam Rage ya jujjuya takardun ya ajiye. "Wannan mahaifinki ne, ba tsohon littafi ba. Yaro zai haɗu da shi a kowane shafi, dole ya gane shi ko da ƙeya ya juya masa. Rage."

Kuma gaskiya ya faɗa, haka sana'ar take. Ta rage. Tamoji ya tafi, tabo ya bi shi, idanu suka koma ɗigo biyu a bayan gilashi. Abin da ya saura kumatu ne zagayayyu, da gemu mai lanƙwasa, da murmushi. Ta zana shi ta gaba da ta gefe da ta baya a babbar takarda, ta manna a saman teburinta, ta yi ta maimaitawa har ya zama tana amsa waya hannunta yana zana shi. Malam Rage ya ce yanzu aka zo wurin, abin da ba a taɓa jin ya faɗa wa kowa ba.

Ranar ta koma gida da murnarta ta tarar da Baba ya riga ya hau kujera.

"Na gama kama ka, Baba. Ba sai ka ƙara wahalar zama ba."

A ganinta hutar da shi ta yi. Ya ce, "To madalla, na huta," ya tashi a hankali ya shige ɗaki.

Daga ranar ɗakin zane ya haɗiye ta. Ta fita da sassafe, ta dawo a gajiye da fenti a gefen mayafi, ta gaishe shi daga bakin ƙofa tana kwance takalmi. Ba ta taɓa jin ta yi nisa da shi ba, tunda wuni take yi da fuskarsa a gabanta. Tana cikin haɗa launin rigarsa a faranti wata safiya yayarta ta kira daga asibiti.

Yanzu ga ta da farar takarda. Duk sa'ad da ta kira shi a zuciya, tsohon littafin ne yake amsawa, da kumatunsa da ɗigo biyunsa. Ta ɗauko zane-zanen farko, ta buɗe hotunan waya, ta fara kwafa a tsanake, amma kafin ta kai haɓa hannun ya koma hanyar da ya saba. Ta goge har takardar ta huje. Kukan da ta yi a teburin nan ya fi na ranar rasuwar, domin ji ta yi kamar ta sake rasa shi, wannan karon da hannunta.

"Ki sa tsohon littafin a shafin kawai," in ji Malam Rage, muryarsa a sanyaye. "Aikin ya riga ya yi kyau, za ki ci."

Ba cin ne ya dame ta ba. Ta tattara shafukan ta tafi gidan yayarta, wadda ita ce ta yi ta zirga-zirgar kai shi asibiti. Ta shimfiɗa su a kan gado, ta zauna a ƙasa da fensir.

"Yaya, ki faɗa mini yadda yake. Ni na kasa ganinsa."

Yaya ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta yi murmushi a wurin da gilashi ya zamo, sannan murmushin ya gushe.

"Kumatun nan sun daɗe da zubewa, Auta. Wuyan rigarsa ma ya yi masa yawa." Ta tsaya a shafin da tsohon yake ɗaga kofin shayi. "Kuma da hagu yake sha. Damar ta daina riƙe abu, shi ya sa ya bar zuwa shago."

"Ya bar zuwa shago?"

"Tun kina tsakiyar littafin nan."

Auta ta ajiye fensirin. Gida ɗaya suke kwana da Baba, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da nasa. Ta dubi Yaya. "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Yaya ta daɗe tana gyara gefen zanin gado da bai yamutse ba.

"Na so in gaya miki, shi ya hana. Ya ce kar a katse miki karatu." Ta share ido da bayan hannu. "Ya ce, 'Ku ƙyale ta. Auta mai zane ce, kallo ne sana'arta. Da ta dube ni za ta gani da kanta.'"