Dutsen Ba Ajimi

Su uku ne a gidan da ke unguwar Bolori: Ya Zainaba mai ɗinkin huluna, 'yarta Siddiƙa 'yar aji biyar, sai maigidan, Ba Ajimi, wanda ba ya zuwa sai sau biyu a shekara. Shekara tara ke nan yana tuƙa babbar tifa a wata mahaƙar zinare a ƙasar Mali. Abinci bai taɓa yanke musu ba. Abin da babu a gidan shi ne gwal. 'Yan kunnen Ya Zainaba na ƙarfe ne da aka yi wa ruwan gwal, har sun fara koɗewa.

A kan wannan ne Mu'mina, wadda suke benci ɗaya, ta sa wa Siddiƙa suna "'yar mai gwal". Ta ce ta ga 'yan kunnen maman Siddiƙa a wurin biki, ko dai babanta ba gwal yake haƙa ba, ko kuma Siddiƙa ƙarya take yi. Sunan ya bi aji. Da malamar ajinsu, Malama Naomi, ta ji Ba Ajimi ya zo hutu, sai ta aika a roƙe shi ya zo ya yi wa yara bayanin aikinsa.

Ya zo ranar Laraba da farar jamfa, da wani abu a ƙunshe cikin hankici. Da ya kwance, Siddiƙa ta leƙa. Dutse ne ruwan toka, mai farin zane a tsakiya, ko ƙyalli ba ya yi.

Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar injuna, na daman ma sai an matso. Don haka Malama ta tsayar da Siddiƙa a damansa, ta riƙa maimaita masa tambayoyin yara.

A hankali ya yi bayani, da Hausarsa mai karin Barebari. Ya ce ramin buɗaɗɗe ne, ya fi unguwarsu faɗi, an yanka gefensa hawa-hawa kamar matakala don kada ya rufta. Masana duwatsu su ke fara huda ƙasa, su kai garin dutsen ɗakin gwaji. Bayan an busa jiniya an fasa wurin da nakiya, sai su kafa tutoci: ja a kan dutsen da ke da zinare, fari a kan wanda babu. Mai jar tuta injin niƙa ake kai shi, a mai da shi gari, a dama shi a manyan tankuna da wani magani mai guba da ke narkar da zinaren, gawayi ya tsotse shi. Mai farar tuta kuwa juji ake kai shi. A cikin lodi bakwai, in ji shi, shida na juji ne.

Yaran da ba su taɓa ganin tsauni ba, garinsu duk yashi, suka zuba masa ido. Wani ya tambayi girman tayar motar, ya ce ta fi ƙofar ajin nan tsawo.

Sai Mu'mina ta ɗaga hannu. "Baba, kai ka taɓa riƙe gwal ɗin da hannunka?"

Bai ji ba. Ya sunkuyo da kunnensa wajen 'yarsa yana murmushi. Siddiƙa ta san in ta yi ƙasa da murya ta ce masa an tambayi zurfin ramin, zai amsa, ƙararrawa ta kusa, magana ta wuce. Ta dubi dutsen, ta dubi Mu'mina. Sannan ta maimaita tambayar yadda aka yi ta.

"A'a, 'yata," ya ce wa Mu'mina. "Ban ma taɓa ganinsa ba. Ɗakin da ake narka shi, mutum huɗu ne ke da izinin shiga. Ni dai ina ganin hayaƙin daga nesa."

Aka yi dariya a bayan aji. Malama Naomi ta bari ta lafa, sannan ta tambaye shi nawa ne zinaren da ke cikin lodi ɗaya na mai jar tuta. Ya ce motarsa tan ɗari take ɗauka, in an gama niƙa da tacewa abin da zai fito ba zai cika cokali ɗaya ba. Malama ta zare zoben aurenta na zinare ta ajiye kusa da dutsen, ta ce kowa ya zo ya duba su biyun. Mu'mina ta daɗe tana juya dutsen a hasken taga.

"To ina yake?" ta ce.

"Yana ciki," in ji Ba Ajimi, da aka maimaita masa. "Wannan daga ƙarƙashin jar tuta na tsinto shi."

Da aka tashi, Mu'mina ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma sake kiran sunan ba. Ta dai tambaya ko za a bar dutsen a aji. Siddiƙa ta ce a'a, na gidansu ne, ta sa shi a jaka.

Suka tako zuwa bakin titi neman Keke Napep, tana tafe a damansa, jakar tana ja mata kafaɗa. A ranar Siddiƙa ta fahimci cewa dutse babanta yake ɗauka, shekara tara, kuma gwal ɗin da ke gidansu duka shi ne wanda ke cikin jakarta.