Kakan da Tiya Perfecta Ta Sayo

A garinmu sunan gidan kowa da harafin R yake farawa. Wani gwamnan Sifaniyawa ne ya gaji da sunayenmu na gargajiya, ya aiko da littafin sunaye aka rarraba wa garuruwa, mu shafin R ya faɗo mana. Haka muka wayi gari muna Rebolledo, mu da masu sayar da kifi da mai haƙa kabari. Kowa ya san wannan, ban da yayar babana, Tiya Perfecta.

"Su nasu na littafi ne," in ji ta, "namu na jini."

Shaidarta hoton wani Kyaftin Rebolledo ne, mai gashin baki da takobi, wanda ta sayo a shagon tsofaffin kaya a Manila ta rataye a falo. Wai kakanta ne. Tun ina jaririya take matse mini hanci kowace safiya don ya miƙe irin nasa. Hancin dai ya yi kunnen ƙashi.

A 1997, da zaɓe ya matso, magajin gari ya tuna an cika shekara ɗari da harbe mutum takwas a harabar cocinmu saboda sun kai wa 'yan tawayen da ke yaƙar Sifaniyawa shinkafa. Za a kafa dutse da sunayensu, jikoki su ajiye furanni. Ni ce mai buga takardu a ofishin coci, sai Fada, limamin cocin, ya sa ni tono su.

Takardu biyu na samo. Ta farko umarnin harbin ne, ga sa hannun Kyaftin Rebolledo ɓaro-ɓaro. Ta biyu kuwa jerin sunayen ne. Na huɗu a jerin waɗanda aka harbe, Eulogio Rebolledo, ɗan ƙasa, mai dafa gishiri, ya bar mata da ɗa na goye mai suna Anselmo. Anselmo shi ne mahaifin Tiya, kakana da ya goya ni. Ban taɓa jin sunan Eulogio a gidanmu ba, kuma abin ya yi mini ciwo.

Labarin takarda ta farko ya riga ni isa kasuwa. Aling Consorcia mai kifi, wadda nata kakan shi ne na shida a jerin, ta ɗaga murya da ta hango ni: "Ning, ki gaida mana jikar Kyaftin! Ki ce kifin 'yan littafi ya ƙare, ta aika Madrid a kawo mata."

Na ruga gida ina murna, na ajiye wa Tiya takarda ta biyu kusa da kofin cakulanta.

"Tiya, kin tsira. Ba jikar mai kisa ba ce ke, jikar jarumi ce. Kujerar gaba za a ba ki."

Ta karanta a hankali, ta ninke, ta ɗora kofin a kai.

"Mai dafa gishiri," ta ce.

"Jarumi, Tiya."

"Yarinya, ko takalmi babu a ƙafarsa ya mutu. Babana ya faɗa mini tun ubanki bai iya tafiya ba."

Ashe ta sani. Na roƙe ta ta ajiye masa fure ko ɗaya ne, ta ce za ta je bikin. Ni sakarya, har na gode mata.

Ranar bikin ta iso da baƙin mayafin leshi da mafici, tana taku ɗai-ɗai. Magajin gari bai gama jawabi ba ta karɓe lasifika.

"Jama'a," ta ce, murya na rawa, "a madadin iyalinmu na Sifaniya, ina neman gafararku kan abin da kakana Kyaftin ya yi wa kakanninku."

Wuri ya ɗauki tafi. Fada ya share hawaye. Aling Consorcia ta rungume ta, ƙarnin kifi da komai, Tiya kuma ta daure saboda tarihi. Shekara talatin tana neman garin ya yarda ita jinin Turawa ce, ga shi an yarda a gaban kyamara. Ban taɓa ganin mai neman gafara cikin farin ciki irin haka ba.

Aka fara kiran sunaye, jikoki na fitowa. Da aka ce "Eulogio Rebolledo" babu wanda ya fito. Tiya tana taku biyu daga dutsen, tana fifita. Na tsaga mutane na fita, na ajiye furen da na tsinko a bakin hanya.

Da na juyo ta tare ni, ta riƙe hannuna biyu yadda ake yi wa baƙi, ta ɗaga murya don na baya su ji.

"Allah sarki, ashe har da naku a ciki? Ku yafe mana, yarinya."