Ragowar Shinkafar Almu

A shekarun da kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba shi, duk wanda ya iya cika fom sai a ɗora shi a jirgi. Wani ya tafi karanto kamun kifin teku, alhali garinsu ko rafi babu. Shi kuwa Almu, malamin tarihi daga Gusau, London aka turo shi a 1975, wai ya binciko yadda talakawan Sin suka rayu lokacin da sojojin Japan suka mamaye su. Babu wanda ya tambayi amfanin hakan ga Gusau, shi ma bai tambaya ba.

Shekara guda ya yi a laburare, amma littattafan duk labarin janar-janar ne da jiragen yaƙi. Farfesan da ke duba aikinsa ya ce ko dai ya kawo muryar wanda ya gani da idonsa kafin ƙarshen wata, ko ya haɗa kayansa. Hankalin Almu ya tashi ƙwarai, domin da motoci bakwai aka raka shi filin jirgi, bai ga idon da zai koma da shi ba.

Da ƙyar ya sami wata tsohuwa 'yar Hong Kong, Madam Lam, mai shagon abinci a unguwar Whitechapel. Ɗanta Bernard, ƙaton mutum mai kusan shekara arba'in, ya yarda zai yi tafinta. Almu ya kinkimo rikoda mai nauyin buhun gero, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa yana gumi.

Kafin a fara, tsohuwa ta ajiye masa shinkafa da kifi. Ya ci, ya rage loma biyu a gefen kwano kamar yadda aka tarbiyyantar da shi. Ta leƙa kwanon, ta haɗe rai, ta juya kujerarta ta fuskanci bango. Da yake ba ta ce komai ba, Bernard bai fassara komai ba. Kaset ya ɗauki kukan firji na minti arba'in da biyar.

A gida, matarsa Luba ta riƙe baki. "Haba Malam, ai ka ba mu kunya! Ka cinye wa baiwar Allah abinci, dole ta yi upset. Next time ka rage rabi."

Ya rage rabi. Tsohuwa ta ɗauki kujerarta ta shige kicin. Zuwa na uku cokali ɗaya ya ci, ta shige sito ta murza makulli. Bawan Allah ya tara kaset uku, na firji, na ƙarar ƙofa, da na kukan cikinsa, kowanne ya rubuta masa lamba da kwanan wata kamar yadda aka koya masa.

Ranar da wa'adi ya rage kwana ɗaya, ya zo da turare da goro, ya zauna ya harɗe hannu, ko kallon kwanon bai yi ba. Nan Bernard ya gaji.

"Wai abincinmu ne ba ya yi maka?"

"Wallahi da daɗi," in ji Almu. "A wurinmu baƙo ba ya suɗe kwano. Yakan ce ya ƙoshi, ya rage wa yaran gida."

Bernard ya fassara. Tsohuwa, wadda har ta ɗaga kujera, ta mayar da ita ƙasa a hankali. Ta yi magana ba ta kalli kowa ba, ɗanta yana bi da Turanci.

"Ta ce lokacin mamayar, ɗan awon shinkafar da ake ba mutum bai cika tafin hannu ba. Tana da 'ya mai shekara tara. Kullum yarinyar sai ta ce ta ƙoshi, ta rage loma biyu a gefen kwano saboda ƙanenta. Ta ce ita kuma ta riƙa yarda, don tana so ta yarda. A shekara ta biyu yarinyar ta rasu."

Sannan Bernard ya ƙara da tasa maganar. "Ni ne ƙanen."

Kunya da tausayi suka rufe Almu. Ya dubi rikoda, ya ga ko kunna ta bai yi ba, bai kuma kai hannu ba. Kwanon ya jawo. Shinkafar ta yi sanyi, haka ya ci ta, tsohuwa tana bin kowane cokali da ido. Da ya gama, ta nuna masa ƙwaya ɗaya da ta maƙale a bakin kwanon. Ya sa yatsa ya ɗauke ta ya kai baki.

Sai ta miƙa hannu da kanta, ta danna jan maɓallin rikodar.