Kawu Ba Ya Barin Datti a Aiki

Kawu ne ya koya mini harkar haɗa wayoyin lantarki, tun ban san yadda ake riƙe filaya ba. Shi ya sa da kamfaninmu ya samu aikin haɗa kwamfutocin wata masaƙa, na tsaya kai da fata sai da aka ɗauke shi, manajanmu yana ta ƙunƙuni wai ya tsufa. Shekara biyu Kawu yana zaune ba aiki, ga iyali.

Kebul ɗin ba irin wanda ya saba ba ne. Yana da rigar alminiyam a ciki, da wata siririyar waya tsirara, kuma dole su taɓa jikin ƙarfen kanekta, wato kan da ake ɗaura wa bakin kebul ɗin, in ba haka ba injinan saƙar nan su dagula saƙon da ke bi ta ciki. Wallahi na yi niyyar yi masa bayani. Amma ta ina zan fara koya wa Kawu feƙe waya? Kunya ta hana ni, na ce ai zai gane.

Kwana uku yana durƙushe gaban akwatin wayoyi, ya ɗaura kanekta ɗari da sittin reras, gwanin sha'awa. Ranar gwaji injiniyar masaƙar ta jona na'urarta a kanekta na farko, sai jar wuta. Ta matsa na gaba, shi ma ja.

Ta ɓalle ɗaya ta duba. Ashe ya aske alminiyam ɗin tas, ya datse siririyar wayar daga tushe.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe," in ji Kawu, har da murmushinsa. "Ba na barin datti a aiki. Wannan ledar ai shara ce."

Innalillahi! Manaja ya zuba mini ido. Na ce laifina ne, ni ne ban faɗa masa ba, a bar mu mu sake. Injiniyar ta ce a sake, amma ba da hannun da ya yi na farko ba. Manaja ya ce Kawu ya tattara kayansa.

A gindin matakala na same shi. Na zaci zagina zai yi, da ma ya zage ni ɗin na huta.

"Ka san kebul ɗin daban ne tun ranar farko?"

"Na sani, Kawu."

"Kwana uku kana wucewa ta bayana kana ce mini sannu da aiki." Ya karkaɗe gwiwar wandonsa. "Jiya fa har gida na je na yi wa mahaifiyarka godiya. Na ce mata ɗanta ya rufa mini asiri."